Karatun manyan yara a gida: ta ina ake farawa?

Maman Walida: Assalamu alaikum 'yan zaure. Shawara nake nema. Walida shekararta 14, ta gama aji uku na ƙaramar sakandare, ta rubuta BECE, jarabawar kammala ta. Ƙaninta Sadik yana da 12, aji biyu zai shiga. Makarantarsu ta sake ƙara kuɗi, ga shi kowane zango sai ka ji an yi sabon malamin lissafi. Ni da babansu muna tunanin su zauna gida in riƙa karantar da su. NCE gare ni a Turanci, amma kimiyya ba fannina ba ce, ita kuwa Walida aikin jinya take so. Don Allah wanda ya taɓa yi da manyan yara ya faɗa mini ta inda ya fara.

Malam Habu: Wa alaikumus salam. Hajiya, ki raba maganar yaran nan biyu, don ba hukuncinsu ɗaya ba. Dokar ilimin bai-ɗaya, wato UBE, ta 2004 ta wajabta wa iyaye su tabbatar yaro ya yi firamare da ƙaramar sakandare, shekara tara ke nan. Har hukunci ta tanada: jan kunne a karon farko, tarar naira 2,000 ko ɗaurin wata ɗaya a karo na biyu. Na san ba bi ake yi gida-gida ba, amma Sadik yana cikin shekarun da dokar ta ambata. Da ni ne, sai in nema masa makaranta mai sauƙin kuɗi ya ƙarasa ya rubuta BECE, ki riƙa cike masa giɓi da yamma. Walida kuwa ta haye wannan.

Game da ita, kafin ki sayi littafi ko ɗaya, ki zauna ki amsa wannan: wace jarabawa za ta rubuta, kuma ta wace ƙofa? WAEC da NECO na 'yan makaranta sai makaranta ce ke yi wa ɗalibi rajista, tare da makin gwajin da ya tara a ajujuwan babbar sakandare. Wanda ke gida ba shi da wannan. Hanyarsa ita ce jarabawar 'yan waje, wadda muka fi sani da GCE. WAEC na yin ta sau biyu a shekara, NECO na yin tata wajen Nuwamba da Disamba. Jami'o'i suna karɓar sakamakonsu.

Maman Walida: Na gode Malam. To firatikal fa? Ba ni da ɗakin gwaje-gwaje a gida.

Malam Habu: A ta 'yan waje a rubuce ake yin sa. A fiziks, misali, za a ba ta zane ta auna da rula, ta cike jadawali, ta zana giraf. Salo ne na daban, sai an koya mata shi da tambayoyin shekarun baya. Duk da haka ki samu wata makaranta ki roƙi arziki, ko da ɗan abin hasafi ne, a bar ta ta shiga ɗakin gwajinsu jefi-jefi. Mai son aikin jinya bai kamata ranar farko da za ta ga abin kallon ƙwayoyin halitta ta zama a kwaleji ba.

Anti Rabi: Maman Walida, ni na yi da nawa, daga aji ɗaya na babbar sakandare. Shawarata ɗaya ce: kada ki yarda da katin sakamakon makaranta. Ki samo takardar BECE ta wata shekara, lissafi da Turanci, ki zaunar da ita a falo, ki kashe talabijin, ki karɓe waya, ki sa mata lokaci. Nawa kullum yana cikin goman farko a ajinsu, amma da na ce ya haɗa 1/2 da 1/3, sai ya rubuta 2/5, ya miƙo mini yana murmushi. Sama da sama, ƙasa da ƙasa. Yaron da ke haka, in kika ɗora masa aljebra ta babbar sakandare, gini ne kan yashi. Baya muka koma, muka ɗauko littafin lissafin ƙaramar sakandare muka bi shi babi-babi. Ya yi fushi, ya ce na mai da shi ɗan firamare. Sai na daina faɗin aji, nake faɗin sunan babin kawai, in ce “yau sai kasa-kasa”, wato lissafin irin su 1/2 da 1/3. Da tushen ya zauna, sauran ya tafi da sauri, domin mutum ɗaya ne a ajin, babu jiran kowa.

Kuma kada ki kwaikwayi jadawalin makaranta na darasi takwas a yini. Mu bayan asuba hadda, sai kari, sai karatu daga ƙarfe tara zuwa azahar, darasi uku kawai. Lissafi kullum, shi ne farko. La'asar islamiyya.

Alhaji Baban Nura: Ku gafarce ni, ni ban goyi baya ba. Yarinya 'yar 14 a gida duk yini, mun san yadda abin ke ƙarewa. Walida zo ki ɗora tukunya, Walida riƙe yaron nan, Walida yi baƙi. Kafin shekara ta zagayo dangi sun fara cewa tunda tana zaune a aurar da ita. Makaranta ko ta lalace tana da ƙararrawa, gida ba shi da ita.

Anti Rabi: Alhaji ka faɗi gaskiya, kuma nan gizo ke saƙa. Maganinsa sai babansu ya tsaya. A gidanmu shi ya tara kowa, har Hajiya kaka, ya ce daga tara zuwa azahar yaron nan yana makaranta, ko gishiri ne ya ƙare ba a aikensa. Mace kuwa sai an ninka tsayuwar.

Maman Ikram: Ni tambayata, an tambayi Walida kuwa? Ɗan shekara shida sai yadda kika yi da shi, amma budurwa in ba da son ranta ba ne, za ta buɗe littafi ta zuba masa ido har azahar ba ta karanta layi ba. Ƙawayenta za su sa sabon yunifom su wuce ta ƙofar gida. Ki ba ta dama ta tsara jadawalin da ke, ta zaɓi ranar hutunta.

Maman Walida: Ita ta fara kawo maganar, saboda tana so ta ƙarasa hadda, izu 18 ya rage mata. Amma batun ƙawaye ban yi tunaninsa sosai ba.

Injiniya Sani: Kayan karatu: ku duba Nigeria Learning Passport, wanda Ma'aikatar Ilimi ta Tarayya da UNICEF suka buɗe a 2022, kyauta ne kuma kan manhajar Najeriya yake. Khan Academy ma kyauta ne, lissafinsu da kimiyya ba dama, sai dai ba bisa tsarin WAEC aka jera shi ba, ke za ki riƙa zaɓo abin da ya dace. uLesson na kuɗi ne, shi kan manhajarmu yake. Ki sauke manhajar WAEC ta kowane darasi ki buga ta a takarda, ki liƙa a bango, duk abin da aka gama a soke shi da biro. Bidiyo kuma a sauke da dare lokacin da data ke araha, a kalla da safe ba tare da intanet ba, in ba haka ba darasin bayoloji zai koma TikTok.

Sannan ta saba da kwamfuta tun yanzu. JAMB a kwamfuta ake yi, darasi huɗu, Turanci dole, kuma sai da lambar NIN ake rajista. WAEC ma ta fara yi wa 'yan waje jarabawa a kwamfuta tun 2024. Ki tabbata suna da ranar haihuwar da ke NIN ɗinta su ne a kowace takarda, harafi da harafi.

Hajiya Binta: Gaisuwa daga Ingila. Mu nan dokar ilimi ta 1996 ta yarda yaro ya yi karatu a makaranta ko ta wata hanya, wasiƙa ake rubuta wa shugaban makaranta a cire sunansa. Amma kuɗin GCSE, jarabawar sakandare ta nan, a kan iyaye yake, kuma ke za ki nemi cibiyar da za ta karɓe shi. In kina da niyyar ta fita waje, ana rubuta IGCSE, wato GCSE ta ƙasa da ƙasa, a Najeriya ta hannun British Council a matsayin ɗalibi mai zaman kansa. Da tsada fa.

Malam Habu: In a Najeriya za ta karanci aikin jinya, ba ta buƙatar wannan. Kiredit biyar take nema: Turanci, lissafi, bayoloji, kemistiri, fiziks. Ki duba sharaɗin makarantar da take so, wasu kwasa-kwasan lafiya ba sa karɓar haɗin sakamako biyu. Kuma Hajiya, za ki samu masu ce miki ki kawo ta wata “santa”, wato cibiyar satar amsa, a aji uku na babbar sakandare su yi mata komai. Ki guje su. In aka soke sakamakon cibiya, da mai laifi da marar laifi ake haɗawa.

Maman Ikram: Batun kimiyya, kada ki ɗauki malami ke kaɗai, kuɗin zai kai na makarantar da kika gudo. Mu gida huɗu muka haɗu a unguwarmu, muka ɗauki wata ɗaliba 'yar ajin ƙarshe a BUK, tana zuwa Asabar da Lahadi da wata rana ɗaya a tsakiyar mako, kemistiri da fiziks. A zauren ɗaya daga cikinmu ake yi, da farin allo da maka. Yaran suna ganin juna, suna gasa, batun ƙawaye ma ya ragu. Ranar Alhamis kuma mukan kai su ɗakin karatu na Murtala Muhammad su yini.

Alhaji Baban Nura: To in dai za a yi, a sa wa'adi. Zango ɗaya, sai a samu malamin da ba ya karantar da ita ya yi mata jarabawa. In ba ta ci gaba ba a mai da ita makaranta tun kujerarta ba ta yi nisa ba.

Maman Walida: Na karɓa, Alhaji. Sadik zai ci gaba da makaranta. Malam Habu, ko za ka taimaka ka zama mai yi mata jarabawar ƙarshen zangon? Maman Ikram, kuna da gurbin mutum ɗaya a ajin naku?

Malam Habu: In sha Allah. Ki fara turo mini takardar gwajin da Anti Rabi ta ce, yadda ta rubuta, kada a gyara komai.

Maman Ikram: Akwai gurbi, amma sun yi nisa a kemistiri, sun wuce jadawalin sinadarai. Bari in tambayi malamar ko za ta zauna da Walida ita kaɗai kafin ta haɗa su. Zan kira ki bayan magariba.