Baraket da fisha: me za mu kira su da Hausa?

Jama'a, kalmomi biyu nake nema, kuma abin da ya faru a gidana a unguwar Mabera, Sakkwato, ne ya jawo.

Watan jiya aka kafa mini talabijin mai inci 55 a bangon da ya raba falo da uwar ɗaka. Bayan mako biyu sai na ga garin yashi a kan darduma, daidai inda yara ke zama kallo. Na leƙa baya, notunan sama guda biyu sun fito har rabi, talabijin ta sunkuyo. Da na je yi wa Baba bayani, sai baraket da fisha nake ta faɗa, shi ko bai gane ko ɗaya ba. Abin ya dame ni ƙwarai, don magana ce ta lafiyar jikokinsa.

Baraket, wato ƙarfen da ake ɗaura wa talabijin don maƙala ta a bango, bai ba ni wahala ba. An kawo ragaya, amma ragaya igiya ce mai lilo, wanga kuwa dole ya tsaya ƙyam. Masaƙali na abin da za a sauke anjima ne. Ni maratayi na zaɓa. Wanda ake jawowa gaba a juya shi kuma, maratayi mai hannu, shi ne ma ya fi jan notunan sama.

Fisha, wato 'yar robar da ke riƙe noti a cikin bango, ita ce ta tsayar da ni. Asalinta sunan kamfani ne, Fischer na Jamus, kamar yadda muke kiran kowane garin wanki Omo. Artur Fischer ya ƙirƙiro 'yar robar a 1958. A huda bango, a cusa ta, noti ya shiga ya buɗe ta, ta ciji gefen ramin. To sai da abin cizo. Bangon cikin gida galibi bulo ne mai inci 6, cikinsa kogo, jikinsa siriri, in an yi rowar siminti kuwa da farce ma sai ka marmashe shi.

Wani ya ce fegi. Shi ma aro ne, kuma masu awon fili sun riga mu. Wani ya ce toshiya, alhali riƙo ne aikinta. Kawuna mai kiwon raguna ne ya ce turke, kuma nan hankalina ya kwanta: turken bango. Duk wanda ya taɓa ɗaure rago ya san turken da aka kafa a rairayi, fizga biyu ya tumɓuke. Da ka ce turke, tambayar da za ta biyo baya ita ce a ina za a kafa, ita ce kuwa tambayar da ba a yi ba a gidana.

Maginin da ya gyara mini bai sake dogara da turke ba. Ya huda bangon har ya ɓulla uwar ɗaka, ya zura dogayen notuna, ya tare su da farantin ƙarfe ta can. Masu bangon laka mai shafen siminti, irin na tsofaffin gidajen cikin gari, don Allah ku bar talabijin a kan tebur.

Saura sunan dogon notin nan. Ina kiransa ɓulla-bango kafin magina da malaman Cibiyar Nazarin Hausa ta Jami'ar Usmanu Danfodiyo su kawo nasu.