Nkrumah gwarzo ne, ko kun ƙi ko kun so

Ɗan Aboabo: Jama'a, jiya a wajen mai shayi wani yaro ya buɗi baki ya ce Nkrumah, shugaban Ghana na farko, ba gwarzo ba ne, wai don ya ɗaure mutane. Har yanzu raina a ɓace yake. Mutumin da ya karɓo mana 'yanci a 1957, ya gina madatsar ruwa ta Akosombo da tashar jiragen ruwa ta Tema! E, ɗan adawa Danquah ya mutu a kurkukun Nsawam a 1965. E, ya kori wasu baƙi. To sai me? Wane gwarzo ne ba shi da tabo?

Hajiya Yalwa: Ɗana, su wa kake kira baƙi? Alhaji Amadu Baba, Sarkin Zongon Kumasi, shi ne baƙo?

Ɗan Aboabo: Hajiya, ba nan maganata ta dosa ba.

Hajiya Yalwa: Ni kuwa nan na tsaya.

Malamin Asawase: Hajiya ta yi gaskiya. A 1957 aka kore shi da Alhaji Usman Larden zuwa Nijeriya. Sun kai ƙara kotu cewa su 'yan ƙasa ne, ba a gama shari'a ba majalisa ta yi doka ta musamman da sunayensu, su biyu rak. Laifinsu, suna jam'iyyar Muslim Association Party, ba sa bin CPP, jam'iyyar Nkrumah.

Baba Tela: Malam, ka iya tarihi idan ya yi maka daɗi. Ina Firaminista Busia? 1969, kwana 14 ya ba mutane su tattara su fita. Ƙanin mahaifina ya sayar da shagonsa a wulaƙance. Mutum biyu da dubban mutane ɗaya ne?

Malamin Asawase: Marasa takarda aka ce.

Baba Tela: Wa ke da takarda a zango lokacin? Kai kakanka yana da ita?

Malamin Asawase: Alhaji, bar kakana ya huta a kabarinsa.

Yaron Alabar: Tab! Giwar jam'iyyar NPP da lemar jam'iyyar NDC sun shigo fili. Kowa dai ya fito da katin jam'iyyarsa mu gani.

Hajiya Yalwa: Kai yaro, manya na magana. Ni abin da ke ƙona mini rai, har yau ka je yin katin ɗan ƙasa, da an ji sunanka sai a fara "ina garinku?" An haifi uwata a nan, an haife ni a nan. Sai kuma ɗanmu na cikin gida ya ce baƙi!

Ɗan Aboabo: Don Allah ku koma kan gwarzo mana.

Yaron Alabar: Gwarzo ai Kotoko ce, sauran duk labari.

Baba Tela: Wanda bai biya kuɗin wata ba ya daina sa mana ƙwallo a magana.

Yaron Alabar: Baba, na tura ta MoMo tun Juma'a, a tambayi ma'aji.

Shugaban zaure: To, ya isa haka. Abin da na fahimta: kusan kowa ya yarda Busia ne ya fi cutar da zango, kuma ba wanda ya iya musa aikin Nkrumah. Saboda haka gwarzo ne. An rufe.

Malamin Asawase: Wane kowa? Mutum ɗaya ne ya faɗa, kuma surukinka ne.

Hajiya Yalwa: Ni dai ban ji ya janye "baƙi" ba.