Letterman ya yi sanyi ne, ko mu ne muka saba da hayaniya?

Tsohon Ɗan Jarida: Assalamu alaikum jama'a. Na ga ana ta yabon shirin David Letterman na Netflix, wato My Next Guest Needs No Introduction, ni kuwa raina bai kwanta da shi ba. Mutumin nan ya yi shekara 33 yana gabatar da shirin dare a Amurka, daga 1982 a tashar NBC, ya koma CBS a 1993, har ya yi ritaya a watan Mayun 2015. Manya na shakkar zama a gabansa ya yi musu tambayoyi. A 2008 John McCain yana takarar shugaban ƙasa ya soke zuwa shirin, ya ce zai garzaya Washington saboda rikicin tattalin arziki. Ashe yana nan New York ana shafa masa hoda zai yi hira da 'yar jarida Katie Couric. Letterman ya nuna hoton a gaban jama'a, ya yi ta caccakarsa. Wannan shi ne Letterman da na sani. Na yanzu kuwa, dattijo ne mai farin gemu da yake zaunar da manya yana yi musu fadanci na awa guda. Wallahi abin yana yi mini ciwo.

Uwar Gida: Wa'alaikumus salam Malam. Fadanci kuma? Kalmar ta yi nauyi. Ka kalli hirarsa da tauraruwar talabijin Kim Kardashian ta 2020? Ni ba masoyiyarta ba ce, amma da ta zo kan fashin da aka yi mata a Paris a 2016, yadda aka ɗaure ta, da abin da ta zaci za a yi mata, muryarta ta karye tana hawaye. Letterman bai katse ta ba, bai nemi abin dariya ya rufe wurin ba. Ya yi shiru ya bar ta ta kai ƙarshe. A tsohon shirin, kafin ta kai nan an tafi talla.

Tsohon Ɗan Jarida: Hajiya, sa mutum kuka ba shi ne aikin mai tambaya ba. Ɗauki hirar farko, ta Janairun 2018 da Barack Obama. Shekara guda kenan da saukarsa, duniya na jiran ta ji bakinsa. Aka yi kusan awa, ko sunan Trump ba a ambata ba. Ba a tambaye shi jirage marasa matuƙa da suka kashe mutane a Pakistan da Yemen a zamaninsa ba, ba a tambaye shi Libiya ba. Aka yi ta labarin yadda ya kai 'yarsa Malia jami'a. Idan ka samu tsohon shugaban Amurka na awa ɗaya ka ƙare a nan, ka ci amanar mai kallo.

Ɗalibar Jarida: Baba, a kan Obama ina bayanka, kuma ba na jin akwai mai iya kare wannan. Letterman bai ɓoye cewa yana ƙaunar mutumin ba, ƙauna kuwa tana ɗaure harshe. Sai dai ka tsallake wani yanki na wannan fitowar. An nuna Letterman yana taka gadar Edmund Pettus a garin Selma tare da ɗan majalisa John Lewis, wanda 'yan sanda suka fasa wa kai a wurin ranar 7 ga Maris 1965 lokacin tattakin neman 'yancin zaɓe ga baƙaƙen fata. Dattawa biyu suna tafiya a hankali, ɗaya yana nuna inda aka tare su. Lewis ya rasu a 2020. Ni a nan na fara jin labarin Selma daga bakin wanda aka doka, ba daga littafi ba.

Sannan kaifin da kake kewa, ba kullum a kan masu mulki yake sauka ba. A 2007 tauraruwar talabijin Paris Hilton ta fito daga gidan yari ta zo shirinsa, ya yi ta maimaita mata tambayar kurkuku tana cewa ba ta son maganar, jama'a na dariya. A 2013 ya tsare 'yar fim Lindsay Lohan da batun shaye-shayenta da zuwa gidan gyaran hali har idonta ya ciko. Da aka sake yaɗa wannan bidiyon a 2021 mutane da yawa sun ji kunyarsa. McCain ɗaya ne, amma 'yan matan da aka yi wa dariya suna cikin damuwa sun fi ɗaya.

Tsohon Ɗan Jarida: 'Yata, wannan kin faɗi gaskiya, na karɓa. Ta Lohan ko a lokacin ban ji daɗinta ba. Amma maganin cin zalin mai rauni shi ne a daina, ba a koma lallashin mai ƙarfi ba.

Mai Kallon Dare: Ku bar ni in sa baki. Malam, ba duka yake lallashi ba. A hirar mawaƙi Kanye West ta 2019, da Kanye ya fara kare goyon bayansa ga Trump, Letterman ya tambaye shi ko ya yi zaɓe. Ya ce bai taɓa jefa ƙuri'a ba. Nan take Letterman ya nuna masa cewa to ba shi da ta cewa, ya kuma kawo batun yadda ake tauye wa wasu damar zaɓe. A hirar ce kuma Kanye ya bayyana yadda ciwon ƙwaƙwalwarsa yake taso masa, da yadda aka ɗaure shi a asibiti aka raba shi da kowa. Ina da ɗan'uwa mai irin wannan lalurar. Na tsayar da bidiyon na daɗe zaune, don abin da ya kasa faɗa mana shekara da shekaru shi ne na ji wani yana faɗa.

Uwar Gida: Allah Ya ba shi lafiya, ƙanina.

Mai Kallon Dare: Amin Yaya, na gode.

Ɗalibar Jarida: Amin. Akwai kuma abin da na lura da shi a hirar mawaƙi Jay-Z ta 2018. Kafin Letterman ya tambaye shi batun cin amanar aure, sai ya fara da nasa laifin. Kun san a 2009 Letterman ya fito a shirinsa ya amsa cewa ya yi mu'amala da mata masu aiki a ƙarƙashinsa, bayan wani ya nemi ya karɓi kuɗi a hannunsa don ya rufa masa asiri. Ya ajiye nasa a faifai tukuna, sannan ya juya ga baƙon. Wanda ya fara buɗe cikinsa, da wuya ka rufe masa naka.

Tsohon Ɗan Jarida: Ko kuma masu laifi biyu suna wanke juna a gaban masu tafi. Matan da abin ya shafa fa, wa ya ji ta bakinsu? Kuma ga wata matsala ta irin wannan shiri da ake naɗa a ajiye. Hirar Will Smith ta fito a Mayun 2022, bayan ya mari Chris Rock a bikin Oscar a watan Maris, amma an naɗe ta kafin marin. Sai rubutu aka sa a farko ana sanar da haka. Abin da kowa ke son ji shi ne babu a ciki. A shirin dare, washegari za a yi maganar.

Uwar Gida: Wannan kam ba laifin mai tambaya ba ne, Malam, bai san gaibu ba. Ni abin da ke riƙe ni shi ne yana tashi ya je inda mutum yake. Ya bi Malala har Oxford inda take karatu. Ya je Mumbai a 2019 ya tsaya kusa da Shah Rukh Khan ranar Sallah, ya ga dubban mutanen da suka cika ƙofar gidansa, kana ganin mamaki a fuskarsa. A 2022, yana da shekara 75, ya shiga Kyiv ana tsakiyar yaƙi ya zauna da shugaban Ukraine Zelensky a tashar jirgin ƙarƙashin ƙasa, jirage na wucewa ta bayansu, jiniyar gargaɗin hari na kaɗawa. Mai neman hutu da fadanci ba ya zuwa can.

Tsohon Ɗan Jarida: Ta Zelensky ban gani ba, zan nema yau da dare. Amma zan kalla da kunnen mai jiran tambaya ɗaya wadda baƙon bai so a yi masa ba. In na same ta, gobe zan dawo nan in faɗa da bakina.

Ɗalibar Jarida: To Baba, in ka gama ka haɗa da ta ɗan barkwanci Dave Chappelle, wadda aka yi a garinsu Yellow Springs a jihar Ohio a 2020. Ka saurari inda suke maganar kisan George Floyd, ina son in ji yadda za ka auna ta.