Musayar waƙa: yabon mutane ko yardar Allah?

Ɗan Birni (Lahadi, bayan sujada)
Salama gare ku. Ga ƙwar huɗu, wato baiti mai ɗango huɗu, mai iyawa ya ɗora.

Yabon mutane ruwan Damagaram ne,
Yau a famfo, gobe sai ka bi ɗan garuwa.
Bulus ya faɗa wa Galatiyawa ƙarara,
Mai son faranta mutum bai zam wa Yesu bawa.

'Yar Zango
Yaya, wa'azi ya yi, sai dai tambaya:
Wa ya yi rawa da jika goma a majami'a ran baiko?
Matiyu shida ya ce hagu kar ta san dama,
Kai sai da ka ji an kira sunanka farko.

Mai Ganga
Wayyo! Zango ta ci Birni da yaƙi. A kawo wa Yaya ruwa.

Ɗan Birni
Ƙanwata, taka sannu, ƙasa da santsi,
Ni na ɗaga jika, ke kin ɗaga murya.
In Zumuntar Mata ba ta ba ki jan waƙa ran Lahadi ba,
Sati uku kina ciwon maƙogwaron ƙarya.

Mushe Mai Ritaya
Ku dakata. Ɗan Birni, ɗangonka na uku ya yi tsawo har ya taka ɗan'uwansa. Amsa-amo kaɗai ba ya yin waƙa, sai da kari. Wannan zube ne aka yayyanka.

Ɗan Birni
Mushe, ba a lakwal muke ba. Zabura ma da arula, ma'aunin karin waƙa, aka auna ta?

Mushe Mai Ritaya
Zabura da Ibrananci aka rera ta, tana da nata tsari. Kai da bakinka ka ce ƙwar huɗu. Ƙirga gaɓoɓinka.

Mai Ganga
Na 'Yar Zango dai ba inda ya karye.

Mushe Mai Ritaya
Ya karye a "Matiyu shida". Son kai ne ya toshe maka kunne.

Baba Dattijo (Laraba)
Sai yau jikata ta karanta mini. Tun zuwan 'yan mishan na SIM garin nan na Damagaram a 1924 masu bi ba su taɓa yawa ba, ba mu saba da tafi ba. Wasunku yara ne ran Juma'a 16 ga Janairu 2015, da aka ƙone majami'u a nan, washegari kuma a Yamai. Wasunmu a barikin soja suka kwana.

Ran nan ba tafi, ba mai kiran suna,
Kan toka muka durƙusa da safe.
Maƙwabcina Musulmi ya ɓoye iyalina,
Aka zage shi, bai ko kalli gefe.

Bitrus da ya yi musu gaban baranya,
Sau uku kafin zakara ya yi cara,
Shi ya tsaya gaban majalisa daga baya,
Ya ce da biyayyar Allah za mu fara.

'Yar Zango
Ran Baba ya daɗe, mun sunkuya. Amma ban gama da Yaya ba.

Saul ya ji tsoron jama'a ya bar tumaki,
Sama'ila ya ji kukansu, mulki ya tafi.
In an daina kiran suna ranar baiko,
Mu ga ko jika goman za ta zo ba tafi.

Ɗan Birni
Za ta zo, a ambulan, ba suna. Ke kuma ki zauna layin baya wata guda, mu ga maƙogwaro.

Mushe Mai Ritaya
Da girmamawa, Baba, baitinka na farko ma yana ɗingishi a ɗango na uku.

Mai Ganga
Haba Mushe! Har Baba? Tun Lahadi kake gyara na mutane. Kawo baiti ɗaya naka mu auna.

Mushe Mai Ritaya
Sai an dawo da wuta, wayata ta kusa mutuwa.