Saniya ta riga gero zuwa: musayar baitoci

Ɗan Fadama

Assalamu alaikum 'yan uwa. Ga tambaya a baiti, amsa-amonta "wa". Duk mai amsawa ya riƙe shi.

Masana ku matso ina tambaya,
Tun zamanin fara shukawa,
Me ya haɗa mutum da dabba
Har suka saba da zaunawa?
Don naman miya ne kaɗai,
Ko da wani abu bayan cinyewa?

Mai Tsohon Kasko

Wa alaikas salamu Ɗan Fadama,
Ƙasusuwa ne ke amsawa.
A Ganj Dareh ta ƙasar Iran,
Shekara 10,000 da shuɗewa,
An tono ƙashin awaki tuli,
Aka jera shi ana aunawa.
Bunsuru kafin ya shekara biyu,
Shi suka fi yawan yankawa.
Akuya kuwa sai ta tsufa tukuf,
Don ita ce mai haihuwa.
Maharbi ƙato yake hari,
Makiyayi ne ke warewa.
Wannan zaɓen shi ne shaidar
Garke ya samu mai kulawa.

Jikar Makiyaya

Baba, na karɓi zancen Iran,
Amma namu da ɗan bambantawa.
Can hatsi da akuya tare suka taso,
Nan saniya ta riga gero zuwa.
Sahara a da ba rairayi ba ce,
Tafkuna ne da ciyawa.
Duwatsun Tassili a Aljeriya,
Zanen shanu ba ya ƙirguwa.
A Takarkori, kudancin Libiya,
An kankare kasko ana gwadawa,
Sai ga maiƙon nono a jikinsa,
Shekara 7,000 da tatsowa.
Gero kuwa, kwarin Tilemsi a Mali,
Da ƙaiƙayinsa ake cuɗawa
Cikin yumɓun ginin tukunya,
Shekara 4,500 da ƙonawa.
Ko Gajiganna ta ƙasar Barno,
Masu shanu suka fara isowa,
Sai bayan ɗaruruwan shekaru
Sawun gero ya fito a kaskon dafawa.

Ɗan Fadama

Na ji nono, na ji nama, Goggo,
Duk dai ciki ne ake cikawa.
Ina sarauta, ina zumunci?
Nan nake jiran warwarewa.

Mai Tsohon Kasko

To mu je Kerma a bakin Nilu,
Sudan ta arewa nake nunawa.
In babban mutum ya kwanta dama,
Aka gama haƙa da binnewa,
Sai a jera kawunan shanu ta kudu,
Kamar jinjirin wata wajen lanƙwasawa.
Akwai kabarin da ya tara dubbai,
Garke guda ba zai iya bayarwa.
Masana na ganin gaisuwar mutuwa ce,
Dangi da mabiya ke kawowa,
Yawan ƙaho a bakin kushewa
Shi ke faɗin girman mai tafiyawa.
A Abidos ta Masar jakuna goma
Aka kwantar ba tare da feɗewa,
Kusa da ginin wani sarkin farko,
Shekara 5,000 da rufewa.
Gaɓoɓinsu duk sun sha kaya,
Ƙashin ya nuna alamar gogewa.
Jakin dako a unguwar sarki,
Ka ga aikinsa ya sa ake girmamawa.

Malamin Gona

Ku ba ni wuri in sauko gona,
Inda alaƙar ke ta ɗorewa.
Gero na tsotse ƙarfin ƙasa,
Jigawa ba ta jure maimaitawa.
Da kaka in an kwashe amfani,
Sai a gayyaci garke zaunawa.
Su ci kara, su bar kashi da fitsari,
A biya da damin gero ko dawa.
Kwana biyu zuwa uku a waje ɗaya,
Sai a ciro turaku a yi matsawa.
In an bar su, tsakiya ta ƙoshi,
Gefen gona yana ramewa.
Ɗanyen kashi a ramin shuka,
Shi ke sa tsiro ƙonewa.
Na rani kuwa gara ta ja shi ƙasa,
Ruwan fari ya gama narkarwa.
Fitsarin ma kar a raina shi,
Inda ya jiƙa hatsi ya fi yin tofuwa.
Rigima ƙofa biyu take shigowa,
Kowa a karkara yana ganewa:
Garke ya faɗo ana roron wake,
Ko burtali ya sha nomewa.

Jikar Makiyaya

Malam, ka faɗi na gona daidai,
Ga na ruga ina ƙarawa.
Fulani Woɗaaɓe a Nijar na da habbanaye,
Karsana ce ake arawa.
Wanda fari ya share wa garke,
Shi ake kai wa don farfaɗowa.
Cikin saniya wata tara ne,
Zai riƙe ta sau uku tana haihuwa.
Nono nasa, maruƙa nasa,
Uwar ce kaɗai ke komawa.
Ita aka fi ji da ita a garke,
Ba ta wuƙa ba ce, ba ta kasuwa.
Sai dai mai riƙo ya kula da kudu,
Tsando na kurmi yana jirawa.
Cizonsa ke kawo sammore,
Saniya ta rame, ciki na zubewa.
Shi ya daɗe yana tare hanya,
Shanun farko suka kasa gangarawa,
Sai irin muturu, gajera ƙaƙƙarfa,
Ita ce a kurmi ke jurewa.