Muhawara: Shin jakar auduga ta fi leda da gaske?

Injiniya: Jama'a, ana ta kiran masu cefane su bar leda su koma jakar auduga, wai muhalli ya tsira ke nan. Ni ban gamsu ba. Auduga na shan ruwa da taki da maganin ƙwari, ga saƙa, ga rini. Hukumar Muhalli ta Ingila ta yi lissafi a 2011: sai an ɗauki kaya sau 131 a jakar auduga guda kafin ta fanshe hayaƙin da aka fitar wajen yin ta, idan aka gwada da ledar da ake yarwa bayan amfani ɗaya. Ta takarda sau 3 take buƙata, ta zaren roba sau 11.

Malama: Ranka ya daɗe, alƙaluman daidai ne, amma na ɗumamar yanayi ne kaɗai. Ina ledar da ke toshe magudanar ruwa? Abin da ya sa Bangladesh ta haramta ta a 2002 ke nan, bayan ambaliya. Ina dabbar da ke haɗiye ta, ta cushe mata tumbi har ta rame ta mutu? Kuma 131 ɗin, ga mai cefane sau biyu a mako, wata 15 ne kacal.

Dakta: Yaya Malama, matsalar ita ce jakar tana gida, mai ita yana kanti. Wa'azi bai cika sauya wannan ba. Kuɗi ne ke sauyawa. Ƙasar Ayalan ta sa harajin santi 15 na kuɗin Yuro kan kowace leda a 2002, amfani da ita ya faɗi da kusan kashi 90 cikin 100. Sirrin shi ne a karɓi kuɗin daban a wurin biya, mai saye ya gan shi a rasit. Da zarar an cusa shi cikin farashin kaya, ya daina cizo.

Akwai tarko kuma. Dokar hana leda ta jihar Kalifoniya a Amurka ta bar ƙofa ga leda mai kauri da sunan ta maimaitawa ce. Mutane suka ci gaba da yar da ita, kuma kowace ta fi tsohuwar ledar nauyin roba. Sai a 2024 aka sa hannu kan dokar toshe ƙofar.

Hajiya: Ku ƙara da ingancin jakar. Daga mariƙi take fara mutuwa, don haka a nemi mai ɗinki biyu da aka gicciya a gindin mariƙin, mai shimfiɗaɗɗen ƙasa. A ware ɗaya don ɗanyen kaya mai tsiyaya, a wanke ta da sabulu, ta bushe sarai kafin a naɗe, in ba haka ba ta yi fumfuna da wari, a yar. Kuma don Allah a daina rabon jaka kyauta a kowane taro. Wanda ya tara goma a ɗaki, 131 ɗinsa ya koma 1,310.

Injiniya: Na karɓi ta Dakta da ta Hajiya. Saura ɗaya: a wancan lissafin, idan aka mayar da kowace leda ta zuba shara, adadin auduga ya hau 327. Don haka ni ta zaren roba zan ce a tallata.

Malama: In dai za ta wuce sau 11 ba ta yage ba, na yarda, Injiniya. Amma ita ma roba ce, sai a faɗa mana inda za a kai ta in ta mutu.