Wanda ya taɓa riƙe tanki a gem fiye da ɗaya, ya zo ya faɗa mana yadda ta kaya

Garkuwa_Biyu:
Salam 'yan'uwa. Abin da ya same ni satin nan ne ya sa na ce bari kowa ya kawo abin da ya gani da idonsa. Ni tun da aka buɗe World of Warcraft (WoW) Classic a 2019 nake tanki da Warrior, wato ni ke tsayawa gaba dodanni su doke ni maimakon sauran tawaga, kuma can abin da aka koya mana shi ne agiro, wato yawan hankalin dodo da ke kanka, dukiya ce, sai ka tara ta da guminka. Ka shiga Defensive Stance, ka jera Sunder Armor har biyar a jikin bos, wato babban dodon, masu duka su tsaya su jira ka, don mai duka na kusa in ya wuce ka da kashi 10 cikin ɗari bos ya bar ka ya koma kansa, na nesa kuma sai ya wuce da kashi 30. A wajen bos Onyxia mu 40 ne, Taunt, tsokanar da ke tilasta wa dodo ya juyo kanka, ba ya kama ta ko kaɗan, dole ka jingina bayanka da bango saboda iskar fukafukinta na jefa ka baya kuma tana rage maka agiron da ka tara, duk wanda ya yi gaggawa a farko shi zai ja mana mutuwa gaba ɗaya.

To da wannan tarbiyyar na shiga Final Fantasy XIV (FFXIV) da Paladin. A danjin na farko, wato wurin da ƙaramar tawaga ke shiga ta yaƙi dodanni, na ja dodanni uku na tsaya ina gina agiro a nutse, na rubuta wa mutane su ɗan ba ni daƙiƙa biyar. Sai hila ɗin, wato mai warkarwa, ya ce min cikin ladabi, kunna Iron Will kawai ka yi ta gudu har sai bango ya tsayar da kai, ni zan riƙe ka. Wlh ban yarda ba sai da na gwada, dodanni sama da goma a bayana, bugun zagaye biyu na yi duk suka manne min babu wanda ya waiwayi kowa. Abin da na shekara uku ina fama da shi a can, a nan maɓalli ɗaya ne. Amma fa a ja na biyu na mutu, don ban san cewa aikin ya koma wani wuri ba. Waɗanda suka daɗe a ciki ku yi min bayani, sauran kuma ku kawo naku gem ɗin.

Hasken_Dare:
Wa alaikassalam ɗan'uwa, barka da zuwa ɓangarenmu. Ni Gunbreaker nake yi tun da ya fito da Shadowbringers a 2019, kuma a wannan lokacin ne ma aka cire ragin duka da kunna tsayuwar tanki, irin Iron Will ɗinka, ke jawowa, shi ya sa yanzu ba ka da dalilin kashe ta a danjin. Abin da ya kashe ka na san shi don ya kashe ni sau ba adadi: ko dai ka danna duk kariyarka a lokaci ɗaya, ko ba ka danna komai ba kana ajiye su don bos. A nan tarin ƙananan dodannin nan sun fi bos ɗin danjin ciwo. Rampart tukuna, in ta kusa ƙarewa ka ɗora ta gaba, ka haɗa da Reprisal, kuma kar ka raina Arm's Length don duk wanda ya buge ka tana kunne sai hannunsa ya yi nauyi.

A babban faɗa na mutum takwas kuma tanki biyu ne, komai a rubuce yake kamar jadawali, minti kaza bugun kisa zai zo, ka san shi tun kafin ya zo. Ni da abokin tankina takarda muke yi, wa zai ci na farko da Superbolide, wa zai ci na biyu da Hallowed Ground (su biyun kariya ce mai hana mutuwa na ɗan lokaci) tunda ita sai bayan minti bakwai take dawowa, sannan musanya, shi ya danna Provoke ya tsokani bos ni in tura masa rubu'in agirona da Shirk. Ranar da muka ci faɗan da muka yi sati uku a kai babu abin da ya canza a kayanmu, takardar ce kawai ta zauna mana a ka. Kuma ana sa ran ka yi duka sosai, tankin da ba ya duka a nan nauyi ne a kan tawaga.

Maman_Sojoji:
Ni labarina daban ne, ban ma san ni ce tanki ba sai da bos ya biyo ni. Guild Wars 2 nake yi, gem ɗin da ya fito a 2012 ba shi da tanki da hila a tsarinsa sam, kowa yana da maganin kansa da tsallen kaucewa guda biyu. Sai da Heart of Thorns ta zo a 2015 da faɗan mutum goma aka fara maganar tanki. Na shiga Vale Guardian a matsayin mai warkarwa da kayan Minstrel, ashe shi wannan bos ɗin wanda ya fi kowa lambar tauri a jikinsa yake bi, babu tsokana babu tara agiro, lamba ce kawai. Tawa ta ɗara ta Chronomancer ɗinmu, wato tankinmu, da kaɗan. Ana farawa ya juyo kaina, ina gudu yana bina, na ja shi cikin mutane, shuɗin da'ira ta kwashe rabinmu ta watsar, koriyar da ake buƙatar mutum huɗu a ciki babu kowa. Na ji ba daɗi ƙwarai don mutum tara na ɓata wa lokaci.

Shugabar tawagar ba ta yi faɗa ba, ta ce kowa ya rubuto lambar taurinsa, daga ranar ban sake shiga faɗa ban tambaya ba. Daga baya na koyi tankin da gangan, kuma gaskiya aikin tuƙi ne, kana jan bos daga wannan yanki zuwa wancan kafin ƙasa ta kama wuta, a lokaci guda kana zuba wa mutane ƙarin sauri.

Garkuwa_Biyu:
Ikon Allah, yaya wato ko kayan da mutum ya sa kaɗai na iya ƙwace bos daga hannun tanki? Wannan ban taɓa ji ba.

Maman_Sojoji:
Ƙwarai kuwa ƙanina, amma ba kowane bos ba, wasu da nasu dokar daban, shi ya sa sai ka tambaya kafin a fara.

Dan_Tamriel:
Ku zo Elder Scrolls Online ku ga inda tanki ba ya iya riƙe kowa da kowa, kuma ba a ma so ya riƙe. Tsokanarmu ta mutum ɗaya ce, Puncture in kana kusa, Inner Fire in yana nesa, kuma daƙiƙa 15 take yi ta sake shi. To ka ga in dodanni goma suka taso ba za ka bi su ɗaya bayan ɗaya ba, zaɓa za ka yi, manyan nan masu gatari da ke kashe mutum da bugu ɗaya su ne naka, ƙananan ka jawo su da sarƙa ka tara su wuri ɗaya masu duka su ƙone su. Da na zo daga FFXIV na wahala da wannan sosai, ganin dodo yana dukan hila ina tsaye sai in ji kamar na ci amana, in yi ta watsa tsokana ko'ina har ƙarfina ya ƙare.

Kuma ƙarfin nan shi ne rayuwarka. Tare bugu da hannunka kake yi, ka riƙe maɓalli, duk bugun da ka tare yana cin ƙarfinka kuma muddin garkuwa na sama ba ya dawowa da kansa. Ranar da na fara faɗan mutum 12 na riƙe garkuwa tun daga farko don tsoro, daidai lokacin da babban bugu ya zo babu ko ɗigo, na faɗi. Wani dattijo a ƙungiyarmu ya zauna da ni kusan awa guda yana nuna min inda zan sauke garkuwa in yi bugu mai nauyi in maido ƙarfi, Allah Ya saka masa. Kayan da nake sawa ma yawanci ba don ni ba ne, don su ƙara wa tawaga duka ne. Abin da ke ci min rai kawai masu shiga layi da sunan tanki don su samu wuri da sauri alhali ko tsokana ɗaya babu a jerin dabarunsu, sabon hila ne ke shan wahalar.

Alhajin_Vanadiel:
Yarana ku bari tsoho ya sa baki. A Final Fantasy XI, wanda ya fito tun 2002, na yi shekaru ina tanki da Ninja, kuma dabarar ita ce kar a taɓa ka ko sau ɗaya. Utsusemi kake yi, inuwoyi uku su kewaye ka, kowane bugu ya cinye ɗaya, kai kuma kana ƙirgawa a zuci, saura biyu, saura ɗaya, ka fara kiran na gaba a tsakanin bugu da bugu don in ya same ka kana cikin kira ya katse. Kowane kira yana cin takardar shihei ɗaya, sai ka cika jaka kafin ka fito. Mu shida a tawaga, in ƙirgenka ya yi daidai mai warkarwa har zama yake ya huta. Har yau in na ga dodo ya ɗaga hannu a kowane gem sai na ji bakina yana ƙirge.

Kyaftin_Sarari:
Allah Ya ƙara lafiya Alhaji. Mu a EVE Online kalmar ma ba mutum take nufi ba, jirginka ne ke da tanki, ko na garkuwa ko na sulke ko kuma gudu ya zama kariyarka. Duka iri huɗu ne, garkuwa ta fi rauni a EM, wato dukan lantarki, sulke kuma a fashewa, sai ka toshe ramin tun a tasha. Kuma da mutane kake faɗa, babu maɓallin da zai tilasta musu su kalle ka, kwamandansu ne zai kira sunanka jirage hamsin su juyo kanka lokaci ɗaya. Na taɓa jinkirin daƙiƙa biyu kafin in aika kiran neman gyara, kafin jiragen gyaranmu su kama ni an gama, kuma jirgin da ya fashe ya tafi kenan.

Bakin_Jini_DK:
Malam Garkuwa ko WoW ɗin ma ka leƙa na yanzu za ka ga ba wanda ka sani ba ne. Tanki shida ne kuma kowanne da yadda yake rayuwa, ni Blood Death Knight nake yi, jinina sauka yake ya hau kamar guga a rijiya, ina jiran a yi min bugu mai ciwo sannan in danna Death Strike don tana maido wani kaso na abin da aka cire min a daƙiƙa biyar da suka wuce, in na danna kafin bugun na yi asara. Matata Brewmaster take yi, ita nata ciwon ba ya shiga lokaci ɗaya, Stagger na rarraba shi a hankali ta wanke shi da Purifying Brew, hilolinmu sun fi son ta nesa ba kusa ba. Sannan tun da Mythic+, danjin da ake yi da agogo, ya zo da Legion a 2016 tanki ne ke riƙe taswira, kai za ka san wace ƙungiya za a ja, wacce za a tsallake, a haɗa biyu ko a'a, agogo na tafiya mutum huɗu na bayanka. Na fi ɓata lokaci a kan zana hanya kafin mu shiga fiye da faɗan kansa.

Garkuwa_Biyu:
Na gode ƙwarai jama'a. Hasken_Dare na gwada yadda ka ce daren jiya, Rampart tukuna sannan Sentinel, na sa Arm's Length a tsakiya, ja uku har bango ban faɗi ba kuma hila ya samu sararin yin duka. Abin da ya rage min musanyar tanki ce, har yanzu hannuna na ƙin danna Shirk don gani nake kamar zubar da abin da na tara ne. In kana da lokaci ranar Asabar ka shigo mu gwada tare, ina kan Paladin ɗin.